Darasi: Hoto, daga akwati mai ƙafa uku zuwa salula

A gidaje da yawa na ƙasar Gidan Amumune, in aka buɗe akwatin tsohuwa ko jakar takardun maigida, za a tarar da hoto ɗaya ko biyu. Wani na katin ɗan ƙasa ne. Wani a Makka aka ɗauke shi. Wani kuwa na ɗa ne da ya tafi bida Kano ko Legas. Takardar ta yi ja, gefenta ya cinye, amma fuskar tana nan. Jikoki su duba su ce: ashe haka kakanmu yake!

Yau kuwa saurayi guda yana iya riƙe hoto dubu cikin salularsa. Amma ran da salular ta faɗa rijiya, ko aka sace ta ran kasuwa, sai a wayi gari babu ko ɗaya. Ɗaukar hoto ta yi sauƙi, ɓatansa ma ya yi sauƙi. Wannan darasi zai nuna yadda abin ya canza, da yadda mutum zai kiyaye hotunansa.

1. YADDA AKE YI DA

Mafarin hoto a ƙasar Faransa ne. Wajen shekara ta 1827 wani mutum mai suna Nisefor Niyeps ya ɗauki hoton abin da yake hangowa ta tagar gidansa. Sai da haske ya yi sa'o'i da yawa yana shiga akwatin kafin sura ta fito. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Luwi Dager, wadda ta fi sauri. A 1888 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da ƙaramin akwati mai fim a ciki, wanda kowa ke iya aiki da shi.

A da, mutumin karkara ba ya ɗaukar hoto sai da dalili: katin ɗan ƙasa, ko takardun jarrabawar yaro, ko fasfo na zuwa Hajji. Sai ya yi shiri, ya tafi Mayahi ko Tasawa ko Maraɗi, ya nemi mai hoto. Dattawa suna tuna akwatin katako mai ƙafa uku. Mai hoto ya zaunar da mutum gaban baƙin ƙyalle, ya ce: kada ka motsa! Ya buɗe idon akwatin ya rufe. Sannan ya zura hannu ciki, inda ƴan kwanonin magani suke, ya wanke hoton nan take.

Daga baya aka samu ƙananan kamarori masu fim. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 12, ko 24, ko 36. Mai hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. In fim bai cika ba, sai a jira. Hoton biki yakan yi kwanaki kafin ya zo hannun mai shi. In amarya ta rufe ido, shi ke nan, an yi asara.

2. ME YA SA AKE CEWA "WANKE HOTO"?

An shafa wa fim wani magani mai azurfa a ciki. In haske ya taɓa maganin, sai ya canza. Shi ya sa ba a buɗe fim a rana, zai ƙone. A ɗaki mai duhu ake fito da shi, a tsoma shi cikin ruwan magani na farko, sura ta bayyana. A tsoma cikin na biyu, ta zauna. Sannan a ɗauraye da ruwa a shanya. Wannan shi ake kira nagatif: fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga nagatif ake haska surar bisa takarda, ita ma a wanke ta.

Ashe wanki ne na gaskiya. Yau ƙananan injuna suna buga hoto da tawada, ba ruwa ba ɗaki mai duhu, amma sunan bai canza ba.

Nagatif kamar iri yake. Wanda ya adana shi yana iya sake fitar da hoto ko bayan shekaru. Saidu Keita, mai hoto na Bamako, ya buɗe shagonsa a 1948, ya kuma adana nagatif ɗinsa. A 1994 aka nuna hotunansa a birnin Paris, sunansa ya zagaya duniya. A nan Nijar, Filip Kujina ya ɗauki hotunan mutanen Yamai cikin shekarun 1960 da 1970. Ya rasu a 2014, amma hotunansa suna nuna yadda birnin yake a farkon ƴancin kai.

3. SABUWAR DABARA

A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak, Sitiben Sason, ya ƙera kamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi. Tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto guda cikin kaset, kuma baƙi da fari ne.

Ga yadda irin wannan kamara take aiki. A maimakon fim, akwai wani ɗan faranti a bayan idonta. An raba shi ɗigo-ɗigo, kamar ƙwayar gero da aka jera bisa faifai. Kowane ɗigo yana auna hasken da ya faɗo masa, ya mai da shi lamba. Lambobin nan su ne hoton. Kamarar 1975 tana da ɗigo 10 000. Ta salular yau tana da miliyoyi. Ɗigo miliyan ɗaya shi ake kira megafiksel.

Tun da hoto ya zama lamba, ana iya ganinsa nan take, a share shi, a kwafe shi, a aika shi nesa. Wajen shekara ta 2000 aka fara sayar da salula mai kamara a Japan. Cinikin fim ya faɗi ƙwarai. A 2012 kamfanin Kodak kansa, bashi ya yi masa yawa har ya kai kukansa kotu. Bai mutu ba, amma bai koma girmansa na da ba.

4. YADDA ABIN YA ISO KARKARA

Kamfanin Celtel ya fara aikin salula a Nijar a 2001. Ya zama Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Sannu a hankali eriya ta kai garuruwa da ƙauyuka. Salula mai araha, irin su Tecno da Itel, ta cika kasuwanni. Inda babu lantarki, da farantin hasken rana ake cajinta.

Hukuma ma ta koma sabuwar dabara. Kafin zaɓen 27 ga Disamba 2020, ma'aikatan hukumar zaɓe sun bi gari-gari da na'ura, suna ɗaukar hoton mutane da zanen yatsunsu don katin zaɓe. Babu fim, babu wanki.

Masu sana'ar hoto sun ji jiki. Wanda bai koyi kwamfuta ba, ciniki ya guje shi. Wanda ya koya kuwa, ya sayi ƙaramin injin bugawa. Yana fitar da hoton kati cikin ƴan mintoci, yana ɗaukar bidiyon biki, yana sabunta tsohon hoton da ya koɗe.

5. AMFANIN HOTON SALULA

Manomi ya ga tsutsa tana cin zangarniyar geronsa. Yana iya ɗaukar hotonta ya aika wa malamin gona, ba sai ya yi tafiya ba.

Mai jar akuya ko ragon layya yana iya nuna dabbarsa ga mai saye da ke Maraɗi tun bai kai ta kasuwa ba.

Ɗan bida da ke Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya, yana ganin jaririnsa ran suna ta WhatsApp.

Ana iya ɗaukar hoton takardar haihuwa da takardar gona. In gobara ko ruwa ya ci ta asali, hoton zai taimaka wajen neman wata. Amma a sani, hoto ba ya maye takarda ta asali.

6. HAƊARI GUDA UKU

Na farko, ɓata. Salula ba ta daɗewa. Zafi da ƙura da ruwa suna kashe ta. Ɗan katin ajiya da ke cikinta shi ma yakan lalace ba sallama. Ga misali: magidanci ya ɗauki hoton mahaifinsa sau da yawa, bai wanke ko ɗaya ba. Tsoho ya rasu, salula ta mutu. Ƴaƴan da za a haifa nan gaba ba za su san fuskar kakansu ba. Wanda ya zuba hatsinsa duka cikin rumbu ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi.

Na biyu, tonon asiri. Hoton da ya fita, ba a iya kiransa ya komo. Yarinya ta aika wa mutum ɗaya hotonta, gobe sai ga shi a hannun mutum ɗari. Irin wannan yana iya ɓata aure, ya raba zumunci. A 2019 Nijar ta kafa doka kan laifukan da ake aikatawa ta intanet. Ɓata sunan mutum da hoto yana iya kai mai yinsa gaban alƙali.

Na uku, ƙarya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yau sai an yi hattara da ganin ma. Ana iya ɗora kan wani bisa jikin wani. Ana iya ɗauko tsohon hoton wata ƙasa a ce jiya aka yi abin a Tasawa. Tun wajen 2022 kwamfuta tana ƙaga hoton abin da bai taɓa faruwa ba, ya fito kamar gaske.

7. ABIN DA YA KAMATA A YI

A zaɓi hotuna masu muhimmanci, na iyaye da na yara, a kai a wanke su bisa takarda.

A rubuta a bayan kowane hoto sunan mai shi, da garin, da shekarar. Da fensir za a rubuta, domin tawadar biro tana iya ɓata hoton. Wannan aikin ɗan ajin yaƙi da jahilci ne. Hoton da ba suna, bayan shekara 50 ba wanda zai san ko wane ne.

A ajiye hotuna cikin akwatin ƙarfe, nesa da rana da laima da gara.

Hoton da ke cikin salula, a kwafe shi wuri biyu: wani katin ajiya, ko salular ɗan'uwa amintacce. Wanda ya ajiye nasa a intanet, ya rubuta kalmar sirrinsa a littafi ya ɓoye.

A goge idon kamara da ƙyalle mai laushi. Hasken rana ya faɗo bisa fuskar wanda ake ɗauka, kada ya fito ta bayansa.

Kada a ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, balle matar aure, ko majinyaci, ko gawa.

Kafin a tura wa wani hoto, a tambaya: wa ya ɗauke shi? A ina? Yaushe? In babu amsa, a bar shi. Rigakafi ya fi magani.

KALMOMIN KARATU DA RUBUTU

hoto, fim, nagatif, kamara, salula, ɗigo, lamba, wanki, ajiya

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ake cewa "wanke hoto"?
2. A wace shekara aka ƙera kamarar da ba ta buƙatar fim?
3. Waɗanne haɗurra uku ne ke tare da hoton salula?
4. Me ya kamata a rubuta a bayan hoto?
5. Wane hoto ne ya fi tsufa a garinku? A nemi izinin mai shi, a kawo shi aji.

LISSAFI

1. Mai hoto yana da fim 3, kowane yana ɗaukar hoto 36. Hoto nawa ke nan?
2. An jera ɗigo 100 a layi ɗaya, an yi layi 100. Ɗigo nawa ne duka?
3. A ce ana wanke hoto ɗaya dala 40. Mai jika ɗaya, hoto nawa zai wanke?