Katin da ya ƙone a Kano, kuɗin da ya maƙale a Batsari

Kawuna ne ya fara kirana, tun kafin masu kamfanin. Ranar kasuwar Batsari ce. Ya sayar da rogonsa, mai saye ya tura masa kuɗin a asusu, ya je wajen mai POS don ya karɓa a hannu, aka ce babu sabis. Ya koma bayan azahar, babu. Da la'asar sakaliya ya kira ni: "Ɗana, kai da kake aikin kwamfuta, wai ina kuɗin mutane suke maƙalewa ne?" Na ce, "Kawu, a ƙara haƙuri, wataƙila netwok ne." Mutanen Batsari da Safana sun san rashin netwok fiye da kowa, tun da a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da su. Shi ya sa bai yi mini gardama ba. Ashe wannan karon laifin na 'yan sana'armu ne.

Bayan isha'i manajan wani ƙaramin kamfanin hada-hadar kuɗi, wanda na taɓa yi wa aiki, ya kira ni murya na rawa. "Injiniya, don Allah kana Kano?" Wakilansu da yawa suna can yankinmu, Batsari, Ruma, Safana, Runka, amma injinansu a Kano suke.

Da na shiga ɗakin sabobin na tarar da wani matashi zaune a ƙasa, laftof a kan cinya, ga katin HBA da ya ƙone ajiye a kan kwalin sabon. Kati ɗaya ne mai baki biyu a sabar databes ɗin, hanyoyin biyu duk a jikinsa suke, kuma daga SAN sabar take tashi. Ya mutu da asuba. Suka samo wani katin, yaron ya saka, saba ta ƙi ganin diski. Dole ta ƙi. Sabon kati da nasa sunan yankan ya zo, WWPN ɗin da masana'anta ta buga masa, alhali zonin ɗin da ke suwici da maskin ɗin da ke ma'ajiya duk tsohon suna suka sani. Aikin minti ashirin ne ga wanda ya san abin da yake yi: a karanto sabuwar lambar, a gyara laƙabin a suwici biyun, a gyara ta a ma'ajiya, shi ke nan.

Shi kuwa sai ya kashe zonin ɗin ɗungurungum, ya buɗe difol zon kowa ya ga kowa. Da abin bai yi ba, ya shiga ma'ajiya ya raba LUN ɗin databes ga duk sabobin da ke cikin jerin. Daga nan ya shiga sabar rahotanni, wadda ba ita ce mai matsalar ba, ya ga sabon diski ya bayyana, ya ɗauka gyara ya yi. Ya kunna shi, injin ya tambaye shi ko a rubuta masa sabon teburin fatishan, ya ce a rubuta. Ya bi da fomatin.

Na tambaye shi, "Ƙanena, wa ya ce ka taɓa difol zon?" Ya ce, "Yallaɓai, a bidiyo na gani." Ban yi masa tsawa ba. Haushina yana kan wanda ya ba shi lambar sirrin suwici da ta ma'ajiya don kuɗin aikinsa bai kai rabin nawa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shekara biyu kafin wannan dare na rubuta wa kamfanin nan takarda. Suwicinsu Brocade ne, kuma tun Fabric OS 7.0 a 2011 akwai FA-PWWN, inda suwici da kansa yake ba wa katin lambar aro. Da lambar aron ake yin zonin, da ita ake yin maskin. Kati ya ƙone a sa wani, suwici ya sake miƙa masa wannan lambar, ma'ajiya ba ta ma san an canza komai ba. Na nemi su ba ni rabin awa da tsakar dare in mayar da sabobin kan wannan tsarin, su kuma sayi kati na biyu. Alhaji mai kamfanin ya ce, "Injiniya, abin da yake aiki a bar shi." Takardar tana nan a cikin fayil ɗinsu, na gan ta a daren.

Kwafin ajiya na ƙarshe mai lafiya kwana huɗu ke nan da yin sa. Wanda ake yi kullum ya daina tafiya, babu mai duba saƙon kuskuren. Muka dawo da na kwana huɗun, ragowar kuma aka shiga haɗa shi da hannu daga bayanan bankunan da suke hulɗa da su da rasiɗan wakilai. Wani wakili daga Safana ya kawo nasa a cikin ledar burodi, rabinsu zafi ya goge tawadar, sai an ɗaga takarda ga fitila ake ganin adadi. Ya hau mota ya biyo hanyar nan mai haɗari har Kano, don kawai ya tabbatar wa mutanen garinsu bai ci kuɗinsu ba. Kwana uku yana kwana a kan benci a ofishin.

Abokan aiki, ga maganata. Kada a ɗaure zonin da sunan yankan kati idan kayan aikin suna da hanyar lambar aro. Kada a buɗe difol zon a kan fabrik mai ɗauke da bayanan mutane, ko na minti ɗaya. Diskin da ba kai ka ƙirƙira ba, kada ka yi masa fomatin.

Da muka sake gina wajen, kowane bakin suwici mai saba na ba shi lambar aro. Na gwada a gaban manajan: na kashe saba, na zare kati, na sa wani, na kunna, ta tashi daga SAN ba tare da na taɓa zonin ba. Da suka yi odar sabuwar saba daga Legas, zonin da LUN na tashi duk na gama su tana kan hanya. Ranar da ta iso waya kawai aka soka. Masu Cisco UCS sun saba da wannan tun 2009, lambar tana zaune a cikin furofayil ɗin saba ana ɗebo ta daga tafkin lambobi, haka ma masu Virtual Connect na HPE.

To amma lambar aro ita ma tana da haƙora. Idan a bakin suwici ka ɗaure ta, duk wanda aka soka a wannan bakin zai iya gadar sunan, ya gaji diskin. Waya ɗaya ta kauce, wata saba ta samu LUN ɗin da ba nata ba. A rubuta wa kowace waya suna a kai biyun, da lakabin kirki, ba salatif da biro ba. Sannan ba kowane kati ne yake karɓar lambar ba, a duba samfurin da fam-wayarsa kafin a saya, a kuma tabbatar an kunna abin a jikin katin. Na sha ganin an kwafi furofayil daga wannan rak zuwa wancan da tafkin lambobi iri ɗaya, WWPN guda ta bayyana sau biyu a fabrik, sabobi biyu suna ta korar juna. Kowane rukuni a yanka masa nasa zangon lambobin, a rubuta a littafi.

Kuma a daina rikita lambar aro da NPIV. Shi NPIV baki ɗaya ne yake shiga da FLOGI sannan ya ƙaro wasu sunayen da FDISC, don kowace sabar gaibu ta samu nata. A VMware sai da RDM yake aiki, a Hyper-V kuma lamba biyu ake ba kowane baki saboda ƙaura, to duka biyun a sa su a zonin, in ba haka ba ranar ƙaura diski zai ɓace. A riƙa ɗaukar kwafin saitin suwici bayan kowane gyara. Difol zon kuwa, na sake faɗa, a bar shi a rufe.

Masu kamfani, lambar sirrin ma'ajiya ba ta kowa ba ce. Wanda bai iya karanto muku WWPN ɗin katin da ke hannunsa ba, kada ya zauna a gaban suwicinku.

Kuɗin Kawu sun fito a rana ta tara. Kafin nan ya riga ya ci bashin taki a wajen wani ɗan kasuwa a kan farashin da ya fi na ranar kasuwa. Da na je gida na zauna na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, cewa ba netwok ba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, yanzu an gyara?" Na ce an gyara. Ya ce duk da haka daga yau kuɗin rogonsa a hannu zai riƙa karɓa.