Matsayin Fyaɗe Tsakanin Dokoki Uku: Nazarin Rabe-raben Laifuffukan Jima'i da Hukuncinsu a Jihar Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda dokokin da ake aiki da su a Jihar Sakkwato suka rarraba laifuffukan jima'i, da hukuncin da suka tanada. An kwatanta Final Kod da Dokar Laifuffuka ta Shari'a da kuma dokar hana cin zarafi wadda aka fi sani da VAPP. Nazarin ya gano cewa babin da doka ta saka laifi a cikinsa shi yake yanke irin hujjar da za a nema, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kawo ta. An kuma nuna cewa kalmomin da Bahaushe yake amfani da su ba su bin wannan rabe-rabe sau da ƙafa.

1.0 Gabatarwa

A tsarin mulkin Nijeriya na 1999, yawancin dokokin laifuffuka suna hannun majalisun jihohi. Saboda haka ne laifi ɗaya yake samun suna da hukunci daban-daban daga jiha zuwa jiha, wani lokaci ma a cikin jiha ɗaya. Idan aka ɗauka an yi wa wata yarinya fyaɗe a unguwar Arkilla, iyayenta suka kai ƙara wajen 'yan sanda, akwai dokoki uku da za a iya rubuta tuhuma a ƙarƙashinsu. Kowace daga cikinsu tana da tambayar da take fara yi, kuma amsar wannan tambaya ita take jan ragamar shari'ar har ƙarshenta.

2.0 Final Kod: Ma'aunin Yarda

An kafa Final Kod a Jihar Arewa a shekarar 1959, zamanin firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta fara aiki a 1960. An gina ta ne a kan dokar Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga dokar laifuffuka ta Indiya ta 1860. Jihohin da aka yanka daga Jihar Arewa sun gaje ta, daga baya kowace ta yi mata gyara. Sakkwato ta sabunta tata a 2019.

Sashe na 282 na dokar ta asali ya ɗora ma'anar fyaɗe a kan yardar mace. Ya lissafa yanayi biyar: saduwa da ita alhali tana ƙi, ko ba tare da yardarta ba, ko da yardar da aka samu ta hanyar tsoratar da ita da kisa ko rauni, ko da yardar da ta bayar bisa zaton mijinta ne, ko kuma idan ba ta kai shekara 14 ba, ko tana da taɓin hankali, ta yarda ko ba ta yarda ba. Sashen ya cire miji daga wannan laifi muddin matarsa ta balaga. Hukuncin yana sashe na 283, wato ɗauri mai tsawo tare da tara.

Zina kuwa an kai ta wani babi dabam, na laifuffukan da suka shafi aure. Sashe na 387 da na 388 sun tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda dokar al'adarsa ta ɗauki zina a matsayin laifi. Ke nan a wannan doka fyaɗe laifi ne a kan jikin mutum, zina kuma laifi ne a kan aure.

3.0 Dokar Shari'a: Ma'aunin Aure

Jihar Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka, a Gusau, a watan Oktoba 1999. Sakkwato ta bi sahu a zamanin gwamna Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, dokarta ta fara aiki a farkon 2001. Waɗannan dokoki sun hau kan Musulmi ne, kuma sun jingina da mazhabar Malikiyya.

A nan tambayar farko ita ce: akwai aure tsakanin mutanen biyu ko babu? Hukuncin zina ga wanda bai taɓa aure ba bulala 100 ne da ɗaurin shekara ɗaya. Ga muhsini, wato wanda ya taɓa yin ingantaccen aure, jifa ne. A dokar Zamfara, wadda jihohi da dama suka kwaikwaya, fyaɗe ya biyo bayan zina kai tsaye a cikin babin haddi, kuma hukuncinsu ɗaya ne, sai dai an ƙara wa mai fyaɗe biyan sadakin da ake ba irin matar. A jerin ne kuma aka kawo luwaɗi da maɗigo da saduwa da muharrama, sannan ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne.

Saka fyaɗe a gefen zina yana da sakamako a wajen hujja. Haddin zina ba ya tabbata sai da iƙirari ko shaidu huɗu maza da suka gani da idonsu. Malikiyya ta ƙara hanya ta uku, wato bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Sakkwato, ta bayyana cewa ba a karɓar da'awar tilas daga mai cikin sai da alama, kamar ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya faru, ko ta zo tana zubar da jini. Namiji na iya kuɓuta da musu kawai, ita kuwa jikinta ya zama shaida a kanta.

4.0 Darasi daga Shari'ar Safiya Husaini

Shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu ta zina ce, amma ta nuna yadda wannan ma'auni yake aiki. A watan Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jifa, bisa cikin da ta ɗauka tana bazawara da kuma furucinta. Mutumin da ta ambata ya musa, aka sallame shi don babu shaidu huɗu. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin. Daga cikin dalilan akwai cewa abin ya faru kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a yi mata cikakken bayanin tuhumar ba. A ɗaukaka ƙarar ta janye furucinta, ta jingina cikin ga tsohon mijinta, bisa mas'alar kwantaccen ciki da Malikiyya ta amince da ita. Haka ma aka wanke Amina Lawal a Katsina a watan Satumba 2003.

Abin lura shi ne, daga cikin fiƙihun Malikiyya aka samo mafita. Akwai kuma wata ƙofar a cikinsa game da fyaɗe: Alƙali Abubakar Ibn al-Arabi, wanda ya rasu a 1148, ya tafi a kan cewa ƙwace mace da ƙarfin makami hiraba ce, wato fashi, har ma ta fi fashin dukiya muni. Idan aka bi wannan fahimta, mai ƙara ta tashi daga matsayin abokiyar laifi ta koma wadda aka zalunta.

5.0 Dokar VAPP: Ma'aunin Kutse wa Jiki

Dokar VAPP ta tarayya ta 2015 ta shafi Abuja ne kawai, sai jihar da ta rungume ta. Sakkwato ta yi haka a 2021, zamanin gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Dokar tarayyar ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe: namiji ko mace duk ana iya yi musu, kuma ya haɗa da kutse da wata gaɓa ko wani abu ba tare da yarda ba. Hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, mafi ƙaranci shekara 12, ga taron dangi kuma shekara 20. Ta kuma tanadi diyya da kundin sunayen waɗanda aka kama da laifin.

6.0 Matsalar Kalmomi

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa. Kunya tana sa Bahaushe ya sakaya irin wannan magana, ya ce "an lalata ta" ko "an ɓata ta" ko "ya neme ta" ko "sun kwana". Kalmar "lalata" tana ɗaukar zina da fyaɗe duka, ba ta bayyana ko akwai yarda. Ga doka kuwa, wannan bambanci shi ne iyaka tsakanin mai ƙara da wadda ake tuhuma. Yarinyar da ta amsa cewa "an yi lalata da ni" tana nufin an tilasta mata, ana iya rubuta maganarta a matsayin iƙirari. Haka kuma kalmomin aro irin su "ihsani" da "shubuha" da "i'izari" suna da ma'anar fiƙihu wadda mutumin karkara ba lalle ya sani ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake fahimta. Yi masa magana da Hausa kaɗai bai cika wannan sharaɗi ba idan kalmomin da ke ɗauke da hukuncin baƙi ne a kunnensa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dokoki uku na Jihar Sakkwato suna auna aiki ɗaya da ma'auni uku: yarda da aure da kutse wa jiki. Tsananin hukunci ba ya amfanar wadda aka zalunta idan hanyar tabbatar da laifin a toshe take, ko kuma idan kai ƙara zai iya juyowa kanta. Don haka ana ba da shawara biyu. Ta farko, masana shari'a su sake duba zaman fyaɗe a gefen zina, ta la'akari da fahimtar da ke cikin Malikiyya kanta. Ta biyu, masana Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai da alƙalai da lauyoyi su tsara daidaitattun kalmomin tuhuma, waɗanda za su raba zina da fyaɗe tun daga teburin ɗan sanda, kafin magana ta kai gaban alƙali.