Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Ikilisiya Na Jajimaji, Nguru Da Gashuwa

Ya ku 'ya'yana, samari da 'yan mata,

 Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wa'azin da a zamaninmu sai mai yinsa ya biyo jirgin ƙasa daga Kano ya sauka Nguru, ya nemi masauki, ya gai da dattawa, kafin a ba shi izinin tsayawa gaban jama'a, yau ga shi yana shigo muku har ƙuryar ɗaki ta wayar hannu, ba sallama, ba wanda ya san asalinsa. A cikin masu yinsa kuwa, ko da yake akwai bayin Allah na gari, akwai waɗanda ba su da wata manufa illa su mallaki hankalinku da aljihunku, in ta kama har da ranku.

Mu mutanen wannan yanki ba a ba mu labarin fitina. Iyayenku sun ji abin da almajiran Maitatsine suka yi a Kano cikin Disambar 1980, inda aka yi hasarar rayuka fiye da 4,000, da abin da ya biyo baya a Bulumkutu a 1982. Ku kanku kun taso cikin masifar da ta fara nuna kanta a Kanamma a ƙarshen 2003, lokacin da waɗansu samari suka ƙaurace wa iyayensu suka tafi suka kafa zango. To, amma kada Shaiɗan ya raya muku cewa wannan cuta ta maƙwabta ce kaɗai, domin malaman Musulunci su ne suka fara yi wa waɗannan mutane raddi da hujja, waɗansu har suka rasa rayukansu a kan haka, kuma gidanmu ma bai tsira ba. Jim Jones da sunan coci ya fara a Amurka, kafin ya kwashi jama'arsa zuwa dajin Guyana, inda fiye da mutum 900 suka halaka a Nuwambar 1978, akasarinsu ta shan guba. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, shugabannin wata ƙungiya da ke da'awar maido da Dokoki Goma sun tabbatar wa mabiyansu cewa duniya za ta tashi a ƙarshen 1999, mutane suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa musu kuɗin. Da ranar ta wuce, gari ya waye kamar kullum, masu dukiya suka fara tambayar dukiyarsu, sai ran 17 ga Maris 2000 aka tara su cikin majami'a, aka toshe ƙofofi da tagogi, aka cinna wuta, kuma da aka haɗa da gawawwakin da aka tono daga baya, adadin ya haura 700. A dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono fiye da gawa 400 na mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda aka ce su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu. Ko a nan Nijeriya, a Yulin 2022, 'yan sanda sun fito da mutum 77, har da ƙananan yara, daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata majami'a a garin Ondo, suna zaune suna jiran dawowar Almasihu.

Na kawo muku waɗannan ne don ku lura da abu guda, wato duk da bambancin ƙasa da harshe da aƙida, hanyar da aka bi da mutanen nan kusan ɗaya ce, kuma wanda ya nazarce ta sau ɗaya zai gane ta ko da ta sake riga. Ƙanƙantar jama'a ko baƙuwar al'ada ba su ne alama ba. In da haka ne, da an hukunta Isawa, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a kasuwar Kano a ƙarni na 19, alhali daga zuriyarsu ne aka sami waɗansu daga cikin Kiristocin farko na Wusasa. Abin da za ku duba shi ne yadda shugaba yake karɓar tambaya. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 17, ya yabi mutanen Biriya saboda ba su karɓi maganar Manzo Bulus kansa ba sai da suka auna ta da Nassi. Saboda haka duk wanda ya ɗauki tambayarku a matsayin tawaye, ya ce wahayinsa ya wuce a bincika, ya riga ya ɗora kansa bisa manzanni. Daga nan sauran alamun sukan biyo baya: ya yanke ranar tashin duniya, wadda Linjila ta bayyana cewa ba a ba ɗan Adam saninta ba, ya ce noman gero da riɗi ko karatun jami'a a Gashuwa shagala ne, alhali Bulus da hannunsa ya ɗinka tanti ya ci abinci, sannan shugaban ya sa farashi a kan man shafewa da ruwan albarka, a tura masa ta waya kafin ya yi addu'a.

Alamar da ta fi tsorata ni kuwa a cikin gida ake ganinta. Yaro ya dawo daga birni, a kawo tuwo da miyar kuka ya ce ba ya haɗa kwano da marasa haske, uwarsa ta kira sunansa ya ce an ba shi sabo, dare ya yi ya ja ƙofa ya manna waya a kunne har asuba yana amsa amin ga muryar da bai taɓa ganin mai ita ba. Wanda ya raba ɗa da mahaifiyarsa da sunan tsarki, yi yake kamar kura da takan ware akuya daga garke kafin ta kama.

Idan ɗan'uwanku ya faɗa irin wannan hali, na roƙe ku kada ku yi masa ba'a, kada kuma ku tara masa jama'a ku kunyata shi, domin tun farko an riga an gaya masa cewa danginsa za su ƙi shi, kuma duk zagin da kuka yi masa gaskata malaminsa kuke yi. Ku ajiye masa rabonsa na abinci, ku gayyace shi biki da suna ko da ya ƙi zuwa sau goma, ku nemi ya bayyana muku abin da aka koya masa har ku iya maimaita shi yadda shi kansa zai yarda ba ku yi masa ƙari ba, sannan ku buɗe Littafi Mai Tsarki tare, ku karanta surar gaba ɗaya, ba ayar da aka tsinko masa kaɗai ba. Ku kuma binciki abin da ya kai shi, gama sau da yawa rashin aiki ne, ko bashi, ko jinyar da ta ƙi ƙarewa ba wanda ya leƙo daga ikilisiya, sai baƙo ya leƙo. Amma inda aka kai ga tsare mutane, ko hana yara abinci da makaranta da magani, ko duka da sunan fitar da aljanu, to, al'amari ya wuce muhawara. Ku sanar da fasto da mai unguwa da hukuma a ranar, kada kunyar sunan addini ta hana ku.

Shawarata ga shugabannin zumuntar matasa ita ce ku keɓe yammacin Lahadi ɗaya a kowane wata, kowa ya kawo wa'azin da ya shigo masa ta waya, a saurara tare gaban wani dattijo masani, a auna shi da Nassi, mai tambaya ya yi tambayarsa ba tare da an harare shi ba. Ku isar mini da gaisuwa ga iyayenku da malamanku. Haza wasalam.

Naku,
Wani dattijon ikilisiya, Jajimaji