Darasi: Kwafar shirin talabijin zuwa salula, ina iyakar halacci?

 

Ya ku ƴan uwa, da yawa daga cikinmu sukan naɗi tafsiri ko labaru daga talabijin, su zuba cikin salula domin saurare a kan hanya. Shin wannan cin haƙƙin mai shirin ne? Mas'alar ta daɗe gaban alƙalan Amurka, kuma akwai abin lura cikin hukuncinsu.

Na farko, asalin shari'ar. A shekarar 1976 kamfanonin fim na Universal da Disney suka kai ƙarar kamfanin Sony saboda na'urarsa Betamax, wadda ke naɗar shirin talabijin cikin kaset. A watan Janairu na 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4: wanda ya naɗi shiri a gidansa domin ya kalla bayan lokacin watsa shi bai yi laifi ba, haka ma mai sayar da na'urar.

Na biyu, ma'aunin da suka bi. Dokarsu ta 1976 ta yi rangwame ga abin da suke kira amfani na adalci, ta aza masa ma'auni huɗu: manufar mai kwafa, kasuwanci ce ko karatu, irin aikin da aka kwafa, yawan abin da aka ɗauka, da asarar da kwafar za ta jawo wa mai aikin a kasuwa.

Na uku, canja wuri. Hukuncin 1984 ya shafi jinkirta lokacin kallo ne. A 1999 wata kotun ɗaukaka ƙara ta duba Rio, ƙaramar na'urar sauraren kiɗa, ta ɗauki zuba abin da mutum ya mallaka cikin na'urar aljihunsa a matsayin amfanin kai wanda babu ciniki cikinsa. Sai dai dokar 1998 ta hana fasa makullin da mai aiki ya ɗora a kan faifansa. Ke nan kwafar tana iya halatta, amma karya ƙofar da za a bi zuwa gare ta ya zama laifi. Faransa kuwa ta halatta kwafar amfanin kai cikin dokar 1957, sa'an nan a 1985 ta ɗora kuɗi a kan kaset marar komi domin a biya masu ayyukan.

Na huɗu, matsayin malamanmu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na biyar a Kuwaiti cikin Disamba 1988, ta zartar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a ke karewa, ba ya halatta a yi masa ta'addi.

Saboda haka, ga abin da nake gani. Wanda ya naɗi shirin da aka watsa a fili, ya zuba a salularsa domin kansa da iyalinsa, al'amarinsa mai sauƙi ne. Wanda ya kafa tebur a kasuwa yana zuba fim ɗin mutane cikin katin waya yana karɓar kuɗi ba da izini ba, wannan yana cin gumin waɗanda suka kashe dukiyarsu wajen shirya shi. Malamin da ya ce a yaɗa karatunsa kyauta, ya ba da izini, sai a yaɗa. Inda ba a san matsayin mai aiki ba, a tambaye shi kafin a sayar.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa, Ya sa mu gama lafiya. Allah ne Mafi sani.