Baƙin Mai: Karatun Lambar Da Ke Jikin Galan

Shekarar da ta wuce wani dattijo cikin ikkilisiyarmu ya sayi mota 'yar kwatano, ƙirar Toyota Corolla ta shekarar 2006. Ita ce ke kai marasa lafiya asibiti da dare, ita ce kuma ke ɗaukar mata masu waƙa daga Karaye zuwa Rogo idan akwai biki ko jana'iza. Da lokacin juye ya yi sai ya kai ta gareji, ya miƙa kuɗi, ya tafi kasuwa. Bakaniken ya aiki yaronsa ya sayo mai na awo daga cikin durom, mai kauri kamar zuma, ba suna ba lamba. Haka aka yi ta yi har juye uku. Daga nan motar ta soma ƙara da safe kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, shan fetur ya ƙaru. Da aka buɗe murfin saman injin sai ga baƙin laka ya toshe hanyoyin mai. Allah ya taimaka injin bai buga ba, amma kuɗin gyaran ya fi kuɗin galan goma na mai kyau. A kan murfin da ake zuba mai kuwa an rubuta 5W-30 ƙuru-ƙuru, ba wanda ya karanta, har da mu da muka sha shiga motar.

Wannan ya sa muka ga ya kamata darasinmu na bana ya zama a kan wannan lamba.

Bari mu fara da aikin da baƙin mai yake yi. A cikin inji akwai ƙarafa da ke gudu a jikin juna sau dubbai a minti ɗaya. Tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai akwai 'yar rata wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Famfon mai yana tura mai cikin wannan rata, sai ƙarfe ya riƙa yawo a kan mai ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba. Ban da wannan, man yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, yana wanke dauɗa ya kai ta matata, yana kuma taimakon ringi wajen toshe hayaƙi. Idan man ya cika ruwa-ruwa, nauyi zai matse shi ya fita, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan kuma ya cika kauri, zai yi jinkirin isa wurin da ake bukatarsa. Duka biyun ɓarna ne.

Kowane ɗalibi ya san abin da sanyi ke yi wa manja da man shanu. Da hunturu sukan daskare a kwalba, sai an ajiye su kusa da murhu kafin su zuba. Baƙin mai ma haka yake, sanyi yana ƙara masa kauri, zafi yana tsinka shi. Saboda haka wata ƙungiyar injiniyoyin mota a Amurka, wadda ake taƙaita sunanta SAE, ta fito da tsarin lambobi tun shekarar 1911 domin kowa ya san kaurin man da yake saya.

Mu ɗauki 20W-50, wanda ya fi kowanne yawa a shagunanmu. Lamba biyu ce a haɗe. Ta farko, mai harafin W, tana nuna halin man cikin sanyi, don harafin ya fito ne daga kalmar Turanci ta lokacin hunturu. Ana gwada 20W a sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, 10W a digiri 25, 5W kuma a digiri 30 ƙasa da sifiri. Watau idan lambar ta yi ƙasa, man ya fi saurin gudu sa'ad da inji yake da sanyi. Lamba ta biyu tana nuna kaurin man a zafin digiri 100, zafin tafasar ruwa ke nan. A ma'aunin da ake kira santistok, inda ruwan sha yake wajen 1, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, lamba 50 kuwa daga 16.3 zuwa kusan 22. Ku duba da kyau: wanda ya zuba 50 a injin da aka ƙera don 30 ya kusa ninka kaurin man sau biyu. Akwai kuma mai lamba ɗaya tak, kamar SAE 40, wanda ba a yi masa alkawarin komai ba game da sanyi.

Yanzu ga gardamar da za ku ji a kowane gareji daga Karaye har Ƙofar Ruwa a Kano. Za a ce muku, "Ai wannan mai ruwa-ruwa na ƙasar Turawa ne. Nan ƙasar zafi ce, mai kauri shi ne mai." Maganar tana da tushe, kada mu raina masu yin ta. Yawancin manyan kanikawanmu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da kuma tsofaffin bas-bas. Injinan wancan zamani ratarsu tana da faɗi, 20W-50 ya dace da su sarai, har yau ma wanda ke da irinsu kada ya zuba musu mai tsinkakke, don zai ga hayaƙi da wutar mai tana ƙiftawa idan mota na tsaye. Kuskuren shi ne ɗaukar dokar 504 a ɗora wa kowace mota.

Dalili na farko, zafin cikin inji ba rana ce ke kawo shi ba, wutar fetur ce. Lagireto da fanka da abin da ke daidaita zafin ruwa su ne ke riƙe injin wajen digiri 90, ko ana zafin watan Afrilu a Rogo ko ana ƙanƙara a Jamus. Zafin gari yana ɗan ƙara wa mai zafi, gaskiya ne, shi ya sa littattafan waɗansu motoci suke da jadawali da ke ba da izinin mai ɗan kauri a ƙasa mai zafi. To amma littafin ne zai ba da izinin, ba zato ba. Dalili na biyu, sababbin injina ratarsu ta matse ƙwarai, kuma da yawa suna amfani da ƙarfin man ne wajen daidaita lokacin buɗewar bawul, kamar waɗanda aka rubuta wa VVT-i. Hanyoyin man nan ƙanana ne, akwai 'yar raga a bakinsu. Mai kauri yakan makara, mai datti kuwa yakan toshe su gaba ɗaya. Dalili na uku, inji yana cin jikinsa sosai a daƙiƙun farko bayan an tayar da shi da safe, kafin mai ya hau sama. Da asubar watan Janairu, sa'ad da mu kanmu muke rawar ɗari, mai kauri yakan bar saman inji a bushe fiye da yadda ya kamata.

Sai dai mu faɗi gaskiya, kauri kaɗai ba shi ya kusa kashe motar dattijon nan ba. Rashin ingancin man ya fi yin ɓarna. A jikin galan na kirki akwai wata alama ta biyu, haruffan API, wadda ke nuna ƙarfin magungunan da aka zuba a man don wanke inji da hana tsatsa da jure zafi. Idan harafin farko S ne, na injin fetur ne. Idan C ne, na dizal ne. Harafi na biyu yana hawa da zamani: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. A injin fetur sabon harafi yakan maye gurbin tsoho, amma tsoho ba ya maye gurbin sabo. Man da ake aunawa daga durom a bakin hanya sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a sa masa waɗannan magunguna ba, wani lokaci ma tsohon mai ne aka tace. Hukumar SON ta daɗe tana gargaɗi a kan jabun mai. Murza mai tsakanin yatsu biyu, yadda ake yi a tasha, ba ya nuna ko ɗaya daga cikin abubuwan nan.

Mun san iyayen yawancinku ba su da mota, amma akwai babur, akwai kuma injin ban ruwa, musamman tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a 1992 noman rani ya ƙaru a yankinmu. A babur mai giya, mai ɗaya ne ke shafa inji da giya da kuloci. Waɗansu man mota na zamani suna da maganin ƙara santsi wanda zai sa kulocin babur ya riƙa zamewa a hawa. A nemi wanda aka rubuta wa 4T da JASO MA. Ƙaramin injin ban ruwa irin Honda GX160 kuwa bai wuce ya sha ɗan fiye da rabin lita ba, masu ƙera shi sun ce 10W-30, a juye bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Manomi da ke ba da ruwa kullum zai cika awa 100 cikin 'yan makonni, ba sai ƙarshen rani ba.

Ƙurar hanyoyinmu ma tana da nata lissafi. Masu ƙera motoci suna sa tuƙi cikin ƙura a jerin aiki mai tsanani, suna cewa a gajarta tazarar juye. Shawararmu ga mai amfani da mai na gama-gari ita ce kada ya wuce kilomita 5,000 ko wata shida, ya canja matatar mai tare da man, ya kuma duba matatar iska bayan hunturu. A auna mai a wuri mai lebur, bayan an kashe inji da 'yan mintoci, ya tsaya tsakanin alamu biyu na geji. Cika shi ya wuce alama ba alheri ba ne, karanshaf zai buge shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Tsohon man da aka juye kada a zubar kusa da rijiya ko rafi, kada kuma a shafa wa dabba a miki kamar yadda waɗansu ke yi, akwai guba a ciki.

Idan mota ta tsufa har tana cin mai, ana iya hawa mataki ɗaya, alal misali daga 30 zuwa 40, kafin a sami kuɗin canja ringi. Wannan lallaɓawa ce kawai.

Ga aikin hutu ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Kowa ya nemi inji ɗaya a gidansu ko a unguwarsu, mota ce, babur ne, janareto ne ko injin ban ruwa. A nemi izinin mai shi, a duba murfin mai ko littafin injin, a rubuta lambar da masu ƙera shi suka ce. Sa'an nan a duba galan ɗin da aka yi juye na ƙarshe da shi, a rubuta lambar SAE da haruffan API da ke jikinsa. In ba a sami galan ba, a tambayi inda aka sayo man da ranar da aka zuba shi. In lambobin biyu sun saba, a nuna wa mai injin cikin ladabi, ba a gaban bakanikensa ba. A kawo mana takardun a makon farko na sabon zango, za mu haɗa su a allo mu ga injina nawa ne a Karaye da Rogo suke shan man da aka rubuta musu.