Gas ɗin bututu daban, na tukunya daban

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, manoman rani da yawa a Kafur, Gozaki da Mahuta suka mayar da injin ban ruwansu kan tukunyar gas. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Abin da ya ishe ni shi ne jita-jitar da ta biyo baya, wai da zarar bututun Ajakuta ya iso Kano, kowa zai cika tukunyarsa da araha. Har wani ya tare ni a kasuwar Malumfashi yana tambaya ko mai walda zai iya sauya wa tukunyar girkinsa baki ta karɓi CNG. Na ce masa, Malam, kada ka soma!

Bututun AKK, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, iskar methane zai ɗauko. Tashoshin lantarki da manyan masana'antu aka yi wa shi, irin na Bompai da Sharaɗa. Wannan iskar ba ta zama ruwa a zafin garinmu komai matsar da aka yi mata. Inda bututu bai kai ba, sai dai a sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili a ɗauko ta a tanka, ko a danne ta da ƙarfin bar 200 cikin silinda mai kaurin ƙarfe. Wannan na biyun shi ne CNG na motoci.

Wanda ke cikin tukunyarka kuwa propane ne da butane. Mai yawansa daga Bonny a Jihar Ribas yake fitowa, jirgin ruwa ya kai shi Legas, tanka ta hauro da shi arewa, dillali ya auna maka a kilo. Kuɗin wannan doguwar hanya da canjin dala su ne ke cikin tsadarsa.

To, ga inda nake so a buɗe kunne. Ƙarfin da ke cikin silindar CNG ya ninka na tukunyar girki fiye da sau goma. Wanda ya ɗura shi a tukunyar kilo 12.5, ko a wadda aka harhaɗa a bakin titi, bam ya ɗauka a kafaɗa. A Oktoban 2024 irin wannan silinda ta walda ta tarwatse a gidan sayar da CNG a birnin Benin, ta raunata mutane. Fenti ba ya ƙara wa ƙarfe kauri, kuma rantsuwar mai walda ba ta riƙe bar 200. Ina mamakin yadda hukumomi ke ta tallar CNG a rediyo ba tare da sun tsaya sun bambance wa talaka CNG da gas ɗin girki ba.

A gona ma ina ganin ganganci. Idan tukunya ta yi raɓa injin ya fara shaƙewa, sai a kwantar da ita, ko a hura wuta kusa da ita don ta ɗumama. Injin ya fi ƙarfin tukunyar ne, nemi babba. Ka tsayar da ita a inuwa, nesa da salansa. Ka sayi regileta da tiyo na gas, ba tiyon ruwa ɗaure da roba ba. Yoyo kuma da kumfar sabulu ake nemansa, ba da ashana ba. Uwargida, gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In kin ji wari, rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki.

'Yan'uwa, tukunyar da ta yi tsatsa ko ta lotse a daina cika ta. Kuɗin sabuwa bai kai ran yaro ɗaya da ke wasa a gefenta ba.