HUKUNCIN MAI ƊAN ƘULLI DA NA DILLALI A SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ke damun iyaye a Batsari da Safana, ƙananan hukumomi biyu da ke bakin dajin Rugu. Shekaru ke nan ɓarayin daji suna hana noma da kiwo a can, samari da yawa sun rasa abin yi, wasunsu suka faɗa shan tabar wiwi da ƙwaya. To, yaron da aka kama da ɗan ƙulli a aljihu, shin daidai ne a yi masa hukuncin dillali?

Da farko a sani, dukan abin da ke gusar da hankali haramun ne, ba saɓani. Inda malamai suka saɓa shi ne horon da ya cancanci mai sha. Haddin giya a mazhabar Imamu Malik bulala 80 ne. Amma Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a Masar a 1285, ya bayyana cikin littafinsa Alfuruƙ cewa wiwi ba giya ba ce, mai ɓata hankali ce, saboda haka horonta ta'aziri ne. Shehu Ibnu Taimiyya kuwa ya ga a yi wa mai shanta haddi. Ta'aziri shi ne ladabtarwar da aka bar wa alƙali ya auna gwargwadon laifi da halin mai laifi, manufarsa kuwa gyara.

Dokokin Nijeriya sun sha hawa da sauka a nan. Dokar soja ta 1966 ta yanke wa mai riƙe da wiwi ɗaurin shekara 10 aƙalla. A 1975 aka mai da shi wata shida ko tara. A 1985 aka harbe mutum uku a Ikko saboda fataucin hodar iblis. Dokar 1989, wadda ta kafa hukumar NDLEA, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai riƙe da miyagun ƙwayoyi. Duk da wannan tsanani, binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na shaye-shaye a ƙasar. Ghana kuwa, a 2020, ta mai da horon mai riƙe da abin shansa tara maimakon kurkuku.

Mai hankali ya duba: mashayin giya, wanda nassi ya ambaci laifinsa, bulala ake yi masa ya koma ga iyalinsa. Yaya za a ce ɗan ƙulli ya cinye ƙuruciyar yaro a gidan yari, inda zai kwana da riƙaƙƙun ɓarayi? Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. Wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Hausawa ma sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai dai sassauci ba halattawa ba ne, kuma ba na kowa ba ne. Hadisi ya la'anci mai sayar da giya da mai ɗaukarta. Wanda ke kai wa 'yan daji ƙwaya, ko da kaɗan aka samu a hannunsa, ya taimaka wajen zubar da jinin Musulmi, horonsa tilas ya tsananta. Don haka wajibi ne alƙali ya bincika: na sha ne, ko saƙo ne?

Idan ta tabbata na sha ne, sai a ladabtar da yaron, a kai shi asibiti, a danƙa shi ga uba da limami da mai unguwa, a koya masa sana'a. Allah Ya shiryi zuriya, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Katsina, amin.